Shafin Farko Gaisuwa Ne

Allah ya yi wa Madarumfa baiwa biyu, tabki da Alhaji Illo Ɗan Azumi. Tabkin yakan ja da baya da rani, amma Alhaji bai taɓa raguwa ba. Shi ne mai babban kantin bakin tasha, mai sayar da atamfa da batir da madarar gwangwani, mutumin da ko atishawa zai yi sai ya jira jama'a sun taru.

A shekarar 1998 ya je Yamai ya dawo da wani ƙarfe a naɗe cikin darduma. Na'urar karɓar kuɗi da katin banki ce, irin wadda ake ɗora kati a ja hannu, ta ce ƙarrr-kacau, ta buga lambar a takarda. Wani kamfani ya ba shi, tare da yarjejeniya mai shafi tara cikin Faransanci. Matan kasuwa suka leƙa suka ce ai dutsen guga ne.

Alhaji ya bar lakwal, wato makarantar boko, tun a aji biyu, in ji shi don malamai sun kasa bin sa. Saboda haka ya kira Mushe Inusa, tsohon malamin makaranta, ya fassara masa. Mushe ya gyara tabarau ya buɗe shafin farko, sai Alhaji ya ɗaga hannu.

"Wuce nan! Shafin farko gaisuwa ne. Ina gida, ina iyali, ina gajiya. Wa ya taɓa rubuto takarda ya fara da magana? Je ka ciki inda nama yake."

Mushe mutum ne mai ladabi, ya wuce. A ciki kuwa wani mai suna Firestate ke ta sheƙe ayarsa. Firestate na da ikon shiga kanti ya duba ko yaushe. Firestate na iya canza sharaɗi ba shawara. Firestate na iya ɗauke na'ura ranar da ya ga dama. Akwai kuma wani bawan Allah da takardar ke kira Mai Karɓa, shi kam ba shi da komai sai "dole ne" da "wajibi ne".

Nan take basirar Alhaji ta haska. "Firefe mai mulkin jiha, Firezida shugaban ƙasa, Firestate," ya lissafa da yatsu. "Duk abin da ya fara da *fire* babba ne. To cikin garin nan wa za su ba wannan suna in ba ni ba?" Mushe ya buɗe baki, aka miƙo masa goro, ya rufe.

Kafin Juma'a an rubuta FIRESTATE da jan fenti a goshin kanti. Matsala ɗaya ce ƙarama, babu mai katin banki a duk yankin, daga garin Gabi har na Sarkin Yamma. Wannan bai karya gwiwar Alhaji ba, domin garin ba ya rashin kati. Ya matse katin jam'iyya, ya matse katin rigakafi. Wani masunci ya kawo katin shaidarsa don neman albarka, aka mayar masa da shi hotonsa ya koma kamar an taka kwaɗo.

Duk wannan share fage ne. Abin da Alhaji ya kwana goma sha tara yana mafarki shi ne kujerar shugaban 'yan kasuwa, wadda Hajiya Balaraba mai busasshen kifi ta riƙe shekara shida, tana sasanta su da 'yan duwan masu karɓar harajin kaya a kan iyaka ba tare da ta taɓa ɗaga murya ba. Abin na ci masa rai ƙwarai, a ce mai ƙarnin kifi ce gaba da shi.

Ranar zaɓe da hantsi aka taru a rumfar kasuwa. Alhaji ya zo da riga uku, na'ura a gabansa bisa matashi.

"Jama'a, zamani ya canza! Duniya yanzu kashi biyu ce, da Firestate da Mai Karɓa. Firestate shi ka faɗi. Mai Karɓa kuwa, ko wane ne shi, aikinsa guda, ya ce to, ya zauna. Ba ni na faɗi ba, takarda ce, da hatimi, da sa hannuna. Mushe, wuce gaisuwar shafin farko, ka karanta musu!"

Hajiya Balaraba ba ta san Faransanci ba, amma ta san ba a sayen kwandon kifi sai an ga abin da ke ƙasa. Ta gyara mayafi ta ce, "Mushe, don Allah faro mana daga fari. Mu ma muna son gaisuwar."

Alhaji ya yi murmushin manya. "Bar ta ta ji. Ai da sunana aka buɗe."

Gaskiyarsa, sunansa na nan a shafin farko. Mushe ya karanta a hankali, irin karatun da yake yi wa 'yan aji biyu: "Sashe na ɗaya, ma'anar kalmomi. Firestate: kamfanin da ke Yamai, mai na'ura, wanda ke isar da biyan kati tsakanin banki da kanti. Ɗan kasuwa: Alhaji Illo Ɗan Azumi na Madarumfa, wanda daga nan har ƙarshen takarda za a riƙa kira Mai Karɓa."

Can baya masuncin nan mai hoton kwaɗo ya ce, "Af! Ashe ko dutsen gugar aro ne." Dariya ta ɓarke har awaki suka watse.

Alhaji ya miƙe zai yi bayani, Hajiya ta riga shi, cikin taushin murya kamar kullum. "Alhaji, kai ka faɗi mana aikin Mai Karɓa. Ba mu muka sa hannu ba."

Da aka ce masu son Alhaji su ɗaga hannu, hannu biyu suka tashi, duka nasa ne.

Fentin goshin kanti ya kankaru cikin yini guda, sabon sunan da ya samu ne ya ƙi kankaruwa. Har yau in ka sauka tasha ka tambayi kantin Alhaji Illo, sai an yi ta duban juna, amma ka ce Mai Karɓa, kowa zai nuna maka. Da fari yakan yi fushi. Daga baya ya tuna abin da takarda ta ce, da hatimi, da sa hannunsa. Ya ce to, ya zauna.