Shekarar da Waken Suya Ya Kori Kujeruna

A shekarar da waken suya ya yi daraja, ni ne masanin tattalin arzikin zongon Sokode. Ilimin nawa daga waya na same shi. Kullum ina duba farashin kasuwar duniya, ina nuna wa 'yan majalisarmu wani koren layi da ke ta hawa sama, su kuma suna gyaɗa kai.

Da kaka ta yi, na tafi har garin Dapaong na ciko babbar mota da waken. Shagona ya cika, sai na fitar da kujerun falo tsakar gida na jibge sauran buhunan a ciki. Masu saye suka zo har ƙofa, na ce sai farashi ya ninka.

Matata Ramatu ta ce, "Maigida, baƙi fa, a ina za su zauna?"

Na ce, "A kan arziki."

Ana nan sai masu saye daga ƙetare suka ɗauke ƙafa. Tsoro ya kama duk wanda ya ɓoye kaya, kowa ya fito da nasa a lokaci guda, farashi ya faɗi warwas. Layin nawa ya koma ja.

Sai Ramatu ta far wa buhunan. Awara kawai ta shiga yi mana safe da rana, har ta kafa tebur a ƙofar gida.

Yanzu kujeru sun koma falo. Amma duk baƙon da ya shigo, sai ya shafa kujera ya ce, "Alhaji Awara, in zauna, ko nan ma arziki ne?"