Rasuwar Gorda, Kwamfutar Falonmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi kama da haushi, ni Eduviges Menjívar, mai suyar wainar masarar nan ta pupusa a bakin kasuwar garin Sensuntepeque, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar kwamfutar gidanmu, wadda muke kira Gorda saboda ƙibarta. Ta cika ranar Litinin da hantsi, a hannuna, bayan doguwar jinyar da ba wanda ya leƙo dubiya. A gafarce ni da rubutun biro, mai buga mini takarda ce a kwance.

Marigayiya ta shigo gidan nan cikin kwali, shekarar da ɗana Wilfredo ya tafi ƙasar waje, can Arewa, aikin gini. Shi ya aiko ta. Mai kamun kai ce, ba ta yawo, inda aka ajiye ta nan za a same ta. In an tashe ta sai ta yi gyaran murya, "gurrr… tit!", ta ɗauki lokacinta kamar mai shirin zuwa coci. Ba ta taɓa raina hannuna ba. Tun ina budurwa nake juya wainar masara a kasko da yatsuna, wuta ta cinye su sun yi kanta. Amma in na danna madanninta sai ta amsa, "ƙwas, ƙwas", ko da ƙullu a farcena.

A zamaninta, gidan nan cika yake yi ranar Lahadi. Kowa ya san ƙarfe huɗu Wilfredo zai fito a fuskarta. 'Yata Griselda da mijinta Rigoberto da jikoki duk a matse, ana ture juna ana ihu. Kujerar gaba tawa ce, linzamin kwamfutar a hannuna. In hayaniya ta lafa sai in kori kowa in rufe ƙofa, ɗana ya gaya mini abin da ɗa ba ya faɗa sai ga uwarsa. Ba zan rubuta shi a nan ba, ita ma Gorda ba ta taɓa kai shi waje ba.

Ciwon ajalinta ya soma ne a Kirsimetin da Wilfredo ya aiko da allunan gilashin nan da ake shafawa: ɗaya na yara, ɗaya na Griselda, ɗaya nawa. Ba na ganin laifinsa, a zatonsa hutar da ni ya yi. Tun daga ranar kowa ya ja nasa ya shige lungu. Wannan na hira da shi a ɗaki, wancan a bayan gida, ba wanda ya san abin da aka gaya wa wani. Lahadi ta zama rana kamar kowace. Soket ɗaya ne mai kyau a falon, don haka ina kasuwa surukina ya zare Gorda ya jona baƙin allunan, ya kinkime ta zuwa ɗakin ajiyar masara, inda rufi ke yoyo. Da na yi magana ya ce, "Haba Mama, wannan akwatin gawar me yake tsinana mana a falo?" Ashe bakinsa na da kaifi.

Nawa allon kuwa bai san ni ba. In na shafa, ko gezau. In na danna da ƙarfi, ko gezau. Griselda na ɗora yatsa sai ya buɗe kamar ya ga uwarsa. Aka ce in lashi yatsa, na lasa. Aka ce in shafa mai, na shafa. Don Neto mai gyara ya juya tafina ya ce cikin girmamawa, "Niña Eduviges, ki yi haƙuri, gilashin nan ba ya jin matacciyar fata." Hannun da ya ciyar da gidan nan kaf, wai shi ne matacce! Shi ya sa duk ran da ɗana ya kira sai an riƙe mini, mai riƙon na tsaye a kaina yana hamma. "Lafiya lau, Mama." Abin da nake samu ke nan.

Ranar iyaye mata ta faɗo Lahadi, duk sun tafi wanka rafi. Allon ya yi ƙara, ga fuskar Wilfredo, ga koren maɓalli. Na shafa, na goga, na roƙe shi don girman Budurwa Maryamu, har ya katse. Ya sake kira, ya sake katsewa. Da yamma ya tambayi Griselda wai ko fushi nake da shi.

Washegari na jawo Gorda falo da kaina, na goge ta, na zare cajin kowa na jona ta. Ta ce "gurrr", tururuwa suka fito ta bayanta a guje da ƙwayayensu, sai ƙauri ya tashi. Ba ta kai ga "tit" ba.

Ta rasu ta bar madannai da harafin W ya goge a kansu, da linzami, da marayun lasifika biyu, da mayafin da na saƙa mata da kwarashi. Ta bar magada na gilashi da ko gaisuwa ba su taɓa yi mata ba. Ta kuma bar ni.

Za a yi zaman makoki a falo, inda teburinta yake a da. Akwai kofi da burodi mai zaƙi. Fada, limamin cocinmu, ya ce ba ya yi wa na'ura addu'a, to ni zan ja ta kwana tara da carbina. Gawa za ta tashi ranar Alhamis, in mai sayen tsoffin ƙarafa ya biyo layi da motarsa. Rigoberto ne zai ɗauka, tunda ya saba.

Mai son yin ta'aziyya ya tako da ƙafarsa, ya bar allonsa a gida. Wanda ya aiko ta gilashi ya sani ba zan iya buɗewa ba. Wanda kuma ya samu Wilfredo a lungunsa, ya gaya masa ba fushi nake ba, ranar Lahadi ƙarfe huɗu ina kan kujerar. Akwai abin da nake so in tambaye shi, amma ba na aike ba ne.