Ranar da Allon Ofis Ya Koma Ja

A wani kamfanin rubuta manhaja a Kaduna, an ba wata injiniya mai suna Rakiya aikin da kowa ke kauce wa: gyara tsarin da ke harhaɗa manhajarsu ta sayar da tikitin mota. Ofishin na da wani allo a bango. Duk sa'ad da aka harhaɗa manhajar, ƙananan gwaje-gwajen da aka rubuta don duba kowane sashe su ne za su sa allon ya nuna kore ko ja. Tun da aka kafa shi kuwa kore yake nunawa shar, har oga yakan kawo baƙi su gani. Da Rakiya ta tona sai ta tarar ashe ba a taɓa haɗa gwaje-gwajen da manhajar ba. Suna can ajiye a gefe, ko sau ɗaya ba su taɓa gudu ba. Ta yi ta fama da fayil ɗin saiti, ta ɗaura wannan wancan ya kwance, har dai komai ya zauna. Tana danna maɓalli, allo ya rine ja wur, kuma yawancin jan daga sashen Injiniya Sallau ya fito, wanda ya girme ta a aiki kuma ba ya son a taɓa masa kaya. Ga shi jibi za a miƙa wa masu motocin aikinsu.

Sallau ya ja ta har gaban oga yana huci.

"Ranka ya daɗe, ka tambaye ta! Abu yana zaune lafiya lau, ta zo ta sa hannu, yanzu dubi bango."

Oga ya dubi bango, ya dube ta. "Rakiya, me kika lalata?"

"Ban taɓa layi ɗaya na aikinsa ba, ranka ya daɗe. Gwajin kawai na haɗa ya soma aiki."

"To ai shi ke nan!" in ji Sallau. "Kafin ki haɗa shi, akwai wanda ya taɓa ganin matsala a sashena?"

Rakiya ta gyara mayafi, ta ce, "Babu, Yallaɓai. Mu ma a unguwarmu babu mai hawan jini, sai da aka kawo na'urar awo."