Rasuwar Ato Kakraba, Amfilifayar Anti Ekuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kai a ɗage, Anti Ekuwa Bentsil ta unguwar masunta a Sekondi, tare da matan ƙungiyar masu ƙyafe kifi da tsofaffin da ke zaman rumfar Maame Adjoa kowace Asabar, suna sanar da rasuwar ɗansu kuma abokin hirarsu, Ato Kakraba, amfilifayar jita, wato na'urar da ke ƙara mata murya. Ya cika ranar Asabar da ta wuce, da rana tsaka, a bainar jama'a, yana da shekara arba'in da ɗoriya. Bai yi jinya ko ta yini ɗaya ba, kuma za a zo kan wannan batu.

An haifi marigayin a bayan shagon gyaran rediyo na mahaifin Anti Ekuwa, ranar wata Asabar, shi ya sa ya ci sunan Ato, sunan da ake ba ɗan Asabar a nan. Kakraba kuwa, wato ɗan ƙarami, maƙwabta suka liƙa masa don tsiya, saboda bai fi a rungume shi da hannu ɗaya ba. Cikinsa tiren gasa burodi ne da aka kife, akwatinsa katakon tsohon kwalekwale. Ekuwa ce ta haɗa shi waya bayan waya tana budurwa, da ƙarfen dalmar da ubanta ya yi ta fama ya koya wa babban ɗansa, ɗan ya ƙi, 'yar ta ɗauke daga bakin ƙofa.

Har yau ana ba da labarin ranar da ta je kasuwar Takoradi zaɓen kwalaben da za su zama huhunsa, irin waɗanda ke yin ja kamar garwashi a cikin tsohuwar rediyo. Mai shagon, Papa Ebo, ya jera mata manya, kowacce kamar kwalbar giya.

"'Yata, ɗauki waɗannan," in ji shi. "Kika kunna a nan, sai an ji ki a Kumasi."

"Papa, me na ajiye a Kumasi?" in ji ta. "Waɗanda zan yi wa kiɗa ba su wuce cikin rumfa ba."

Ta ɗauki ƙanana biyu, ba su fi babban yatsa ba. Hujjarta ita ce babbar kwalba ba ta sakin daɗin muryarta sai an ƙure ta, kafin nan kuwa kunnen kowa ya toshe. Ƙarama tun tana kusa da kai take kai iyakarta, muryar ta ɗan dishe, a nan ne zaƙin yake. Haka ta yi da taransifoma, wanda shi ne tafinta tsakanin kwalabe da sifika. Aka kawo mata wani jibgege mai nauyin dutsen niƙa, ta ce a mayar. Ta ciro na cikin rediyon ubanta da ta mutu, ɗan mitsitsi, wanda masana suka ce ba zai iya ɗaukar kaurin sauti ba. Ta ce kaurin ai na mai ganga ne, ita ba ta shiga gonar wani.

Marigayin mutum ne mai natsuwa. In an kunna shi ba ya tsalle ya yi magana, sai ya ɗan yi "hmmm" ƙasa-ƙasa yana ɗumama jiki, kamar dattijon da aka tambaya ra'ayinsa. In aka taɓa jita a hankali ya amsa da "tilin, tilin" garau. In Anti ta danna masa, sai ya yi "garrr" a maƙogwaro, irin muryar matar da ta gama kuka ta koma waƙa. Bai taɓa katse hirar kowa ba. Ana cin dokunu, tuwon masarar nan na cikin ganye, da soyayyen kifi a gabansa, ana gardamar ƙwallo, mai bammi yana jin wanda ya kira shi daga can ƙarshe, kuma duk da haka babu wanda ya taɓa tashi bai san waƙar da aka yi ba. Ya ga zuwan manyan akwatuna masu girgiza kwanon rufi, ya ga an kwashe su a baro zuwa bola, shi yana nan.

Ga yadda ajali ya zo. An gayyaci Anti Ekuwa ta yi waƙar rakiya a jana'izar wata gwaggonsu. Ta ajiye Ato a ƙarƙashin rumfa, a kunne, sifikarsa a gefe cikin nata akwatin, ta tafi gaida surukan gidan. A bayanta lasifikar taro ta shaƙe a daidai lokacin da yayanta, Egya Kwamena Bentsil, shugaban dangi, ya miƙe zai yi jawabi. Egya ba mutum ne da ke barin jawabi ya lalace ba. Ya sa aka zare wayar sifikar Ato aka jona a na'urar taron, ya ci gaba da jero sunayen kakanni.

Anti ta dawo aka ce mata lokaci ya yi, za a ɗaga akwatin gawa. Ta leƙa ta ga kwalabe jajur, ta rataya jita ta kaɗa. Shiru. Ta murɗa ƙara, ta kaɗa da ƙarfi. Shiru. Ta ƙure shi gaba ɗaya, ta yi ta bugawa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da wuta ta kama, muryar yayanta kuwa tana ta fita tar daga sifikar da ta sani. Amfilifaya mai kwalba ba a kaɗa shi babu sifika. Duk abin da aka ba shi ya faɗa, in bai sami bakin fita ba, cikin tafinta yake komawa ya ci. Ato ya yi ta waƙar a cikinsa har taransifoman ya ƙone. Warin ne ya sanar da ita.

Ba za a ɓoye ba, ta yi kuka, kuma ba na gwaggo ba ne. Ta zauna a ƙasa da zaninta na makoki, ta ɗora akwatin Ato a cinya yana zafi, ta ƙi kowa ya taɓa.

Washegari Egya Kwamena ya zo ta'aziyya, ya zauna a kujerar da ta fi kyau.

"Ekuwa, ni na ga hannun Allah a nan," in ji shi. "Mace mai jikoki, kullum Asabar kina rataye da jita a rumfar bammi, ana ce miki a ƙara, a ƙara. Sunan gidanmu fa? Yanzu an hutar da ke. Ki ba ni jitar in ajiye miki."

"Yaya, Allah bai zare waya ba," in ji ta. "Kai ka sa aka zare."

"To, ai tsohon gwangwani ne. Ko ba ni ba, kwanansa ya ƙare."

"Kai ma tsoho ne, Yaya. Ka ga na zare maka wani abu?"

Marigayin ya rasu ya bar mata biyu, wato kwalaben nan, waɗanda aka gwada aka same su da ransu, suna takaba a naɗe cikin safar jika. Ya bar sifika ɗaya, wadda aka dawo da ita da yamma babu ko sannu. Ya bar jita mai tsatsar gishirin teku, da Maame Adjoa wadda rumfarta ta zama kamar ɗakin jiran asibiti, da tsofaffi da dama da ba su san inda za su kai Asabar ɗinsu ba. Ya bar Anti Ekuwa, wadda idonta ba ya ganin siririyar waya kamar da, hannunta kuma ya fara rawa in ta riƙe ƙarfen dalma. Ta san da haka. Ta kuma san duk abin da za ta haɗa nan gaba ba zai yi muryar Ato ba, kuma wannan ne ke hana ta cin abinci.

Amma a gidan nan ba a tashi daga makoki sai an naɗa magaji, wanda zai gaji nauyin mamaci har da matansa. Aka kai maganar gaban Nana Efua Mansa, tsohuwar dangi, wadda ita ta ɗora Egya a kujerar shugabanci kuma ita kaɗai ke iya ce masa tashi. Aka tuna mata cewa mahaifin Ekuwa da Egya ya bar rediyo biyu iri ɗaya. Ɗaya ta ba Ato tafinta. Ɗayar tana falon Egya, an lulluɓe ta da leshi, yana jin labarai da ita kullum safe. Nana ta saurara tana taunar asawaki.

"Kwamena," in ji ta, "ɗan'uwan mamaci yana gidanka, shi ne magaji. Kai ka yi kisan, kai za ka kawo shi. A kai za ka ɗauko, ba a mota ba."

Ga tsarin jana'iza. Za a yi ta ranar Asabar mai zuwa da la'asar, a gindin kwakwar da ke bayan rumfar Maame Adjoa. Taransifoman kaɗai za a binne, a cikin gwangwanin madara, sauran jikin yana da aiki. Ja za a sa, kada kowa ya zo da fari, don ba tsufa ne ya kashe shi ba. Ba a bukatar lasifika, ba a bukatar jawabi. Shugaban dangi zai taso a ƙafa daga gidansa ta babbar hanya, rediyo a kai, matan ƙungiya suna biye da shi da waƙa don kada ya ɓata hanya. Za a buɗe rediyon a gaban kowa, Anti Ekuwa za ta haɗa magajin da hannunta komai daɗewar da za ta yi, kuma an roƙi jama'a kada wani ya ce zai riƙe mata. Akwai dokunu da kifi ga masu jira. In magajin ya yi magana, za a fara da waƙar da marigayin bai samu ya fitar ba. In ya ƙi, za ta kaɗa jitar haka nan, mai son ji ya matso.

Wanda kuma ya zo don ya ga ranar da Ekuwa Bentsil za ta ajiye jita, ana ba shi shawara ya taho da kujerarsa daga gida, don zai daɗe a zaune.