Bindigar Soso da Man Inji

"Lafiya ƙalau na tashi, Amarya. Ke ce dai na ga kamar ba ki farka ba, ƙafafu ne kawai suka kawo ki."

"Ni da na tako tun daga gidanmu? Kai fa tsakanin gadonka da bencin nan taku bakwai ne, kuma sai ka huta sau biyu a hanya."

"Sau ɗaya. Na biyun tsayawa nake in gaisa da kaji."

Tsohon mai gyaran keke ne, yana zaune a bakin shagonsa da ke jikin gida. Shekara hamsin ya yi a sana'ar. Tun da hannunsa na dama ya fara rawa masu kawo gyara suka ja baya, amma kullum sai ya buɗe shagon, ya share, ya jera sifanu bisa tsayinsu, sannan ya zauna. Wadda ta shigo jikarsa ce, 'yar ɗansa, tana shekara ta biyu a kwalejin fasaha. Tun tana rarrafe yake kiranta Amarya, ita kuma tun da ta yi baki ba ta taɓa raga masa ba.

Abin da ya kawo ta yana kan teburin aiki. Bindigar wasa ce ta haɗa da bututun roba fari, irin na ruwan famfo. Bututu mai kauri a ƙasa, a cikinsa akwai sanda da sifirin a bayanta. In an ja sandar baya kunama ta riƙe ta, in an danna kunamar sai sandar ta zabura ta tura iska cikin siririn bututun sama, harsashin soso ya fita a guje. Malaminsu ne ya ce kowa ya ƙera abin da ke aiki da matsin iska. Gobe da safe za a gwada: harbi uku a jere, kowanne ya wuce mita takwas. Wanda nasa ya gaza zai maimaita shekara. Ubanta kuwa da ma bai so wannan karatu ba, tsohon ne ya tsaya kai da fata har aka bar ta.

Shekaranjiya ta bar bindigar a shagon don gam ya bushe, ta ɗaga masa yatsa ta ce kada ya taɓa. Ya kuwa taɓa. Tana fita ya ja sandar, ya ji ta yi ƙiii. To, a kunnen mai gyaran keke duk abin da ya yi wannan kuka ƙishirwa yake ji. Ya ɗauko gwangwanin man inji ya ɗura mata ta baki, yadda yake yi wa famfon keke, ya ƙara da wani don alheri. Kwana biyu ke nan yana ɓoye abin a ransa yana jin daɗi. So yake sai ta harba ta yi mamakin santsin, sannan ya gyara zama ya ce aikin manya ne.

"Wai ni, Injiniya," ya ce, "duk ƙarafan duniya kin rasa abin ƙerawa sai bindigar kashe sauro?"

"Ba ta sauro ba ce. Ta korar tsofaffi ce daga bakin hanya."

"Da soson katifa? A zamaninmu da kara da ƙwallon kanya muke harbo tsuntsu yana cikin gajimare."

"Na ji labari. An ce tsuntsayen ne ke faɗowa don dariya."

"Ki tambaya a gaya miki. Ni na fara koya wa iska shiga taya a garin nan. Kafin ni yawo kawai take yi."

"Shi ya sa har yau ba ta yafe maka ba, ta kwashe maka gashin kai kaf."

Ta sa harsashin soso a bakin bututun, ta kama sandar ta ja. Ko gezau. Ta gyara tsayuwa ta sake ja. Ta dafe gindin bindigar da gwiwa ta ja da hannu biyu har jijiyar wuyanta ta fito. Sandar ta matsa kamar faɗin yatsa, ta cije.

"Ba ki karya ba ne?" in ji tsohon. "Kawo in ja miki da ɗan yatsa."

Ta ci gaba da jujjuya bindigar, ko kallonsa ba ta yi ba. Wannan ne ya fara ba shi tsoro, don Amarya ba ta barin magana ta faɗi ƙasa.

"Shekaranjiya lafiya lau take tafiya," ta faɗa a hankali, kamar da bututun take magana. "Ko gam ne ya zubo ciki? A'a, na toshe. To awona ne. Na san zoben nan ya ɗan matse, na ce zai saki."

"Wane zobe?"

"Na kan sandar mana, wanda ke tare iska. Zoben roba."

"Roba?" ya ce. "Ba fata ba?"

"Fata kuma? Kaka, wa ke sa fata yanzu?"

Roba! Shi da ya shekara hamsin yana yi wa yaran shago tsawa kada su ajiye robar cikin taya kusa da galan ɗin mai, don mai kumbura roba yake yi ya lalata ta. Ya san wannan kamar yadda ya san sunansa. Amma a kansa duk abin da ke tura iska cikin bututu fata ce a bakinsa, fata kuwa mai ne abincinta. Bai buɗe ba, bai tambaya ba. Hannu ya riga kai, kuma hannun ma mai rawa.

Ta zauna a kan tsohuwar taya, ta ɗora bindigar a cinya.

"Sai a sayo wani zoben," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa.

"Kwana uku na yi ina zaga kasuwa kafin na sami wannan. Shi kaɗai ya rage mai wannan faɗin. Mai shagon ya ce sai wani mako." Ta murza ido da bayan hannu. "Sau huɗu na auna, Kaka. Sau huɗu. In awon bututu ɗaya ya gagare ni, me nake yi a makarantar nan? Wataƙila Baba ya fi mu gaskiya."

Nan fa tsohon ya ji kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba tun yana yaron shago. Zuciya ta raya masa ya yi shiru. In ta buɗe ta ga mai, ya ce gwangwanin ne ya ɗiga daga kan kanta, wa zai ƙaryata tsoho? Amma yarinyar nan tana zaune tana tuhumar kanta a kan laifin da ba nata ba, har tana neman ajiye abin da su biyu suka yi faɗa da ubanta a kansa. Ya ji tsoron kada ta daina yarda da hannunta. Ya san yadda wannan yake, don shi kullum da shi yake tashi.

Ya yi gyaran murya.

"Amarya, awonki daidai yake."

"Kai dai lallashi kake."

"Ni na taɓa lallashinki? Na ce daidai yake. Wani ɓarawo ne ya shigo shagon nan shekaranjiya. Bai ɗauki komai ba. Mai ya zuba ya tafi."

Ta ɗago kai. "Mai?"

"Man inji. Mai kyau kuwa, ba baƙi ba."

"Ɓarawon nan yana da sanƙo?"

"Yana da ɗan abin da ba a rasa ba."

"Na ce kada ka taɓa."

"Kin ce."

Ya sunkuyar da kai yana kallon hannunsa na dama yana rawa a kan gwiwa. Da za ta yi masa ihu da ya fi masa sauƙi. Abin da yake gudu shi ne ta ce ba komai, Kaka, cikin ladabi, irin yadda ake yi wa tsohon da aka daina sa ran komai daga gare shi.

Sai ta ja dogon tsaki.

"Wallahi an cuce ni da aka haɗa ni da kai. Mazan mutane suna kawo musu turare, nawa man inji yake bi yana ɗura wa kayana. Yau sai ka sake ni."

Wani sanyi ya ratsa shi har ƙafa. Tunda zagi ya dawo, ai da sauran zama.

"Ba inda za ki. Wa zai kwashi mace mai yawo da bindiga? Tashi ki ɗauko min muciyar can ta katako, mu fitar da gawar."

Suka zura katakon ta gaba, ta riƙa bugawa a hankali har sandar ta fito ta baya. Zoben ya kumbura ya yi laushi kamar burodin da ya faɗa ruwa. Ta goge cikin bututun da tsumma tana mita. Shi kuma ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya jawo jakar kayan aikinsa. Ta fata ce, ta yi baƙi don tsufa, maigidansa ne ya ba shi ita ranar da ya yaye shi.

"Murfin nan za mu yanka," ya ce.

"Jakarka? Kaka, ko almakashi ba ka bari a ɗauka a ciki."

"Ke ina ruwanki? Fatar kirki ce, ta sha mai shekara da shekaru. Kifa bututun a kai ki zana, ki ƙara faɗin ɗan yatsa a kewaye."

Ya ɗauki aska zai yanka. Bakin askar ya yi ta rawa a kan zanen, ya ƙi zama wuri ɗaya. Ya gwada sau biyu. Sannan ya juya ta ya miƙa mata ta wajen ƙota.

"Yanka. Mu manya ba ma yanka, umarni muke bayarwa."

Ba ta yi masa tsiya a kan wannan ba, shi ma ya lura. Ta yanka da'irar tsaf. Ya sa ta jiƙa fatar a ruwan ɗumi, ta ɗora a bakin guntun bututun da ya rage, ta danna ta ciki da ƙotar guduma har ta lotsa ta zama kamar ɗan ƙoƙo. Suka ɗaure, suka ɗora a kan kwanon rufi rana ta yi aikinta.

"A littafinmu babu wannan," ta ce.

"Littafinku yaro ne. In ta bushe ki fere gefen ya yi siriri. Kuma bakin ƙoƙon gaba zai kalla, wajen iskar. In sanda ta zabura, iskar da kanta za ta buɗe leɓen ta manna shi da bango. Iya ƙarfin turi, iya ƙarfin toshewa."

Ta juya abin a kanta. "Wato matsin ne ke rufe wa kansa hanya."

"Haka na ce, sai dai ni ban yi shekara biyu ina biyan kuɗin mota kafin in sani ba."

Bayan la'asar fatar ta bushe ta riƙe siffarta. Ta fere gefen, ta huda tsakiya da basilla, ta ɗaure ta a kan sandar da noti. Sannan ta ɗauko gwangwanin man ta tsaya tana hararsa.

"Ɗigo nawa?"

"Uku."

"Kai nawa ka zuba?"

"Ba a tambayar miji irin wannan a gaban jama'a."

Ta auna mita takwas daga bakin shagon zuwa cikin lungu, ta ja layi da gawayi. Tsohon ya tashi ya tsaya a jikin ƙofa. Ta ja sandar, ta tafi sumul, kunama ta ce ƙas. Ta danna. Fuf! Soson ya tsallake layin ya faɗi gaba da shi da taku uku. Na biyu ya bi shi. Na uku ya wuce su duka ya bugi katangar maƙwabta ya dawo.

Ba ta yi tsalle ba. Ta tsaya tana kallon layin gawayin, tana sauke numfashi. Shi kuma ya koma ya zauna.

"A rahoton da zan miƙa gobe," ta ce ba ta juyo ba, "akwai shafin matsalolin da aka fuskanta. Kalma ɗaya zan rubuta: kakana."

"Babu shafin waɗanda suka taimaka?"

"Akwai. Layi ɗaya ne, kuma na riga na sa sunan mai shagon bututu."

Dariya ta ƙwace masa har da tari. "Na sauka, Injiniya. Kin ci." Ya tura jakar da ƙafa zuwa gabanta, sifanu suna ƙara a ciki. "Ɗauki wannan ki tafi da ita."

Ta juyo. "Jaka ba murfi? Wannan ce kyautar?"

"Ke kika yanke murfin, ke za ki zauna da ita. Da abin da ke ciki duka."

Ta durƙusa ta leƙa ciki, ta ɗago ta dube shi. Ta gane, shi ma ya san ta gane.

"To kai da me za ka yi aiki?"

"In aiki ya zo," ya ce, "sai in aika a kira ki."