Ranar da Na Bi Surukina da Gudu a Kasuwar Shinkafi

Ko na so in manta, ba zan taɓa mantawa da ranar da na bi dattijo mai furfura a guje cikin kasuwar Shinkafi ba, ina kiran "Alhaji, tsaya mana!" kamar wanda aka fizge wa waya. Har yau in na tuna, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Abin da ya fi ba ni haushi, da hankalina na yi, har da shiri.

A lokacin ban daɗe da gama karatun aikin jarida ba, na samu 'yar koyarwa a wata kwaleji mai zaman kanta a Kaura. Darasin da aka ba ni shi ne gabatarwa ga ilimin sadarwa, ni kuwa na ɗauke shi kamar ni na ƙirƙiro shi. Kullum sai na zana akwatuna a allo: ga mai aika saƙo, ga saƙon, ga hanyar da zai bi, ga mai karɓa. A tsakiya in yi wani zane mai karkace-karkace in ce wannan ita ce hayaniya, wato duk abin da zai shiga tsakani ya gurɓata magana. Daga ƙarshe in ja kibiya ta dawo baya, in buga allo in ce, "Martani! In babu martani, ba a yi sadarwa ba." (Ɗalibai har suna suka sa mini da wannan kalma. Sai daga baya na ji.)

Akwai kuma wani babi da nake ji da shi, na yadda mutum ke sanin abu. Nakan ce musu hanya uku ce: abin da ka gani da idonka, abin da hankalinka ya auna ya ba ka, da abin da wani ya faɗa maka. Na ukun nan nakan yatsina fuska in na zo kansa, in ce shi ne mafi rauni, don magana in ta bi baki biyu ta canza kama.

To, ana cikin haka na ga Saratu. 'Yar Katuru ce, tana karatun aikin jinya a Kaura, tana zaune gidan gwaggonta a bayan layinmu. Mahaifinta kuwa na riga na san shi tun kafin in san ta. Ba zan faɗi sunansa ba, na riga na sha wuya a kan wannan fanni; mu ce Alhaji. Hatsi yake sayarwa a Shinkafi, kuma motar Kawu Ɗahiru, ƙanin mahaifiyata wanda ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, ita ke ɗauko masa buhuna zuwa Kaura. In ya zo, a ƙofar gidan Kawu yake sauka. Mutum ne mai raha. Yana hango ni zai ce, "Malamin boko, zaka ka duba man wayag ga, ta koma yin gardama." In gyara masa, ya zolaye ni, mu ci gyaɗa tare.

Da magana ta yi ƙarfi tsakanina da Saratu, Kawu ya ɗauki abokansa suka tafi Katuru neman aure. Ba wurin Alhaji suka je ba, wurin wansa Baffa Nomau suka je, don shi ke ba da auren 'ya'yan gidan. Da Kawu ya dawo na tare shi tun bai cire hula ba.

"An karɓe mu da mutunci," in ji shi. "Sun ce za su yi shawara. Ka kwantar da hankalinka."

Hankali bai kwanta ba. Makonni suka shige shiru. Sai kuma na lura da wani abu da ya tsinka mini zuciya: Alhaji ya daina kula ni. Rannan ina zaune ƙofar gidan Kawu, na hango shi ya shawo kwana, muna haɗa ido ya juya kamar ya yi mantuwa. Ran Juma'a na shiga sahu kusa da shi, kafin a ta da salla ya koma can gefe. Wayarsa ma da ta sake lalacewa, ji na yi wai ya kai wa masu gyara a tasha. Mutumin da muke cin gyaɗa tare!

Na kira Saratu na zayyana mata. Dariya ta yi, ta ce, "Kai dai ka cika tsoro. Ka bari manya su yi aikinsu." Na koma wurin Kawu, ya ce, "Na hwaɗa maka ka yi haƙuri." Wato mutum biyu sun ba ni labari mai daɗi. Amma ai labari ne, hanya ta uku, wadda nake yatsina wa fuska. Ni kuwa ina da ta ɗaya, na gani da idona mutum yana guduna. Ina da ta biyu ma, hankalina ya auna ya ce wanda ke gudunka ba ya son ka.

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Ba wai ban taɓa jin labarin kunyar surukai ba, Bahaushe ne ni. Amma a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa na tashi, cikin ƙabilu iri-iri, inda suruki da suruki ke zama su kalli ƙwallo a talabijin ɗaya. Na san abin a kai, ban san shi a jiki ba. Ga kuma tsoro, wanda in ya shiga mutum yakan kore ɗan abin da ya sani. Ina son yarinyar nan ƙwarai, kuma na riga na ga ta kuɓuce mini.

Wata rana bayan ɗalibai sun fita, na tsaya gaban allo na zana matsalata (Allah ya sa ba wanda ya leƙo). Ni ne mai aikawa. Saƙona ya bi ta Kawu, wanda ƙarar inji ta riga ta cinye masa rabin kunne. Daga Kawu ya je wa Baffa Nomau, daga shi zuwa Alhaji, sannan amsa ta sake biyo wannan doguwar hanya. Na dubi zanen na ce, ai ga ciwon nan, hayaniya ta yi yawa. Maganinta a littafi a bayyane yake: ka rage masu shiga tsakani, ka je wa mai karɓa kai tsaye, ka nemi martani. Na goge allo ina jin kaina kamar likitan da ya gano cuta.

Ran kasuwar Shinkafi na sa shaddata mai guga, na hau mota ban gaya wa kowa ba.

Na same shi a rumfarsa, zaune bisa buhun gero, yana auna wa wata mata da tiya. Yana ɗaga kai ya gan ni. Ya ajiye tiyar, ya ce wa maƙwabcinsa ya ƙarasa awon, ya zura takalmi ya bi ta bayan buhuna. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na ce a raina, mai karɓa yana ƙoƙarin katse hanya, kada in bari.

Na bi shi. Ya ratsa layin masu albasa, na ratsa. Ya kutsa cikin masu tabarmi, na kutsa. Ya ƙara sauri, babbar riga tana kaɗawa, na ƙara, har na yi karo da baron wani mai rake. Nan ne na fara ɗaga murya: "Alhaji! Alhaji, tsaya mana, magana ce 'yar kaɗan!" Mutane suka fara juyowa. Na ji wani yana tambaya ko sata aka yi.

A bakin masallacin kasuwa hanya ta ƙare masa, ga bango ga masu alwala. Ya tsaya, ya juya mini gefe, yana haki. Ni ma ina haki. Ko takalmi ban cire ba, balle in durƙusa. Na gyara tsayuwa kamar ina gaban aji na ce:

"Alhaji, ka gafarce ni. Na ga saƙo yana ta bin hannun mutane, shi ya sa na ce gara in ji daga bakinka kai tsaye. Maganar aurena da Saratu, ka amince ko ba ka amince ba?"

Wani mai alwala ya tsaya da buta a hannu, ruwa na zuba a ƙasa. Saratu 'yar farin Alhaji ce. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, ko a gabansa aka ambata sai ya kau da kai. Ni kuwa na kwaɗa masa sunan a tsakiyar kasuwa, na haɗa da kalmar aure, a gaban abokan cinikinsa.

Alhaji ya ja hannun riga ya rufe rabin fuska. Bai dube ni ba. Wani tsoho mai sayar da gishiri ya duba, wanda ke zaune a gefe, ya ce masa a hankali, "Malam, hwaɗa ma yaron ga rana ta yi zahi, shi tai gida."

Ka san abin da na ce? Wallahi na ce, "Ai ina jin ka, Alhaji, ba sai an faɗa mini ba."

Dariyar da ta tashi a wurin, ina jin har masu shanu a kara sun ji ta. Tsohon mai gishiri ya riƙe ciki yana cewa, "Wanga ɗan wa na? Daga wane gari anka kawo shi?" Ban kai ga amsawa ba na ji an damƙi wuyan rigata ta baya. Kawu Ɗahiru ne. Ashe motarsa tana lodi a kasuwar, labari ya riga ya kai masa cewa ɗansa na tseren gudu da Alhaji.

Kawu ya ja ni har wurin motarsa. Gaban mota ma bai bar ni na shiga ba, bisa buhuna ya nuna mini. Haka na taho tun daga Shinkafi har Kaura a saman lodi, da shaddata mai guga, rana na dukana, ina riƙe da igiya.

Sai da muka isa gida ya sha ruwa, sannan ya dube ni.

"Kai, karatun ga naka mi ya amfana maka? Mutum na gudunka, kai ko kana bin shi?"

Na ce, "Kawu, gudun ne ya tayar mini da hankali. Na ɗauka ya ƙi ni."

"In da ya ƙi ka, mi za ya sa shi jin kunyarka? Zama zai yi shi ba ka hannu, ku ci gyaɗa kamar kullum, don kai ba kowa ba na. Tun randa yaf fara kauce maka, mu mun san an ba ka. Kowa ya sani, har masu lodi. Kai kaɗai ab ba ka sani ba."

Ban san mutum na iya jin daɗi da tashin hankali a lokaci guda ba sai ranar. Ashe martanin da nake ta nema an daɗe da ba ni shi, ina kallonsa da idona ina karanta shi a juye. An ba ni Saratu, ni kuma na je da ƙafata na kunyata ubanta a bainar jama'a. Na kira ta, ba ta ɗauka ba.

Da mako ya zagayo Kawu ya sa ni gaba muka tafi Katuru ba da haƙuri. Tun daga nesa da zauren Baffa Nomau na cire takalmi, har Kawu ya ce in mayar, akwai ƙaya. Na durƙusa a bakin tabarma, kaina a ƙasa. Kawu ya yi bayani, ya ce ƙuruciya ce da zaman birni. Baffa Nomau ya saurara fuska a ɗaure, yana jan carbi.

Can ya ce, "Da kunka zo tambaya, mun yi bincike bisa yaron ga. An ce muna ba ya shan komi." Ya ɗan tsaya. "Bayan ran kasuwa sai da munka koma munka sake tambaya."

Kawu ne ya fara fashewa da dariya. Baffa ya yi ƙoƙarin riƙe tasa, ta ƙwace masa, har yana share hawaye da bakin rawani. Ya ce an sake tabbatar musu lafiyata ƙalau, wauta ce kawai, ita kuwa aure na rage ta. Za a sa rana bayan an kai amfanin gona gida. Sharaɗi ɗaya ne, kuma daga Alhaji ya fito: kada ƙafata ta sake taka kasuwar Shinkafi sai an ɗaura.

Wani numfashi da na sauke, sai da tabarma ta motsa. Na yi ta godiya har Kawu ya taɓa ni ya ce ya isa. A hanyar komawa ya bar ni na zauna gaban mota. Saratu kuwa da ta ɗauki waya a ƙarshe, ba ta iya magana ba don dariya, sai cewa take, "Har layin masu albasa?"

Yanzu ga mu da 'ya'yanmu. Ina nan ina koyar da darasin, ina zana akwatunan, amma na daina buga allo a kan martani, kuma in na zo hanya ta uku ba na yatsina fuska. Nakan ce wa ɗalibai ido yana gani, amma sai ka tambayi mutanen wurin me abin da ka gani yake nufi, tun ba ka kai ga hawa saman lodi ba.

Ni da Alhaji kuwa mun fahimci juna sarai. Da sallar da ta wuce muna Katuru, na fito zan je masallaci, na hango shi tafe daga can ƙarshen layi. Nan take na faɗa lungun dama. Ashe shi ma ya hango ni ya faɗa nasa lungun, kuma lungunan biyu a bayan masallaci suke haɗuwa. Muka yi kiciɓis, fuska da fuska. Na zube ƙasa, ya ja hannun riga, kowa ya juya ya koma inda ya fito, ba wanda ya ce kanzil. Duk karatun sadarwar da na yi, ban taɓa aika saƙon da ya isa lafiya kamar wannan ba.