Tayin da Ya Ramar da Injiniya Nasidi

Duk wanda ya san Injiniya Nasidi a bara ya san shi da kumatu da ɗan tumbinsa mai tsari, irin na mutumin da matarsa ta iya girki kuma yake komawa gida da wuri. Wanda ya gan shi bana kuwa sai ya ja shi gefe ya tambaye shi a hankali ko ciwon suga ne. To, ba suga ba ne. Shugabanci ne ya haɗu da tarbiyya, suka taru suka yi masa rubdugu.

Wani kamfani ne mai hedikwata a Nairobi ya ɗauko aikin gina ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana a wata kasuwar tumatir da ke kan hanyar Kano zuwa Zariya, don manoma su daina zubar da kayansu a bakin titi in kasuwa ta yi kwantai. Aka naɗa Nasidi shugaban tawaga, aka haɗa shi da mutanen da in ba aiki ba ko a tasha ba za su haɗu ba. Akwai Madam Kabita, 'yar Indiya mai kula da batura. Akwai Isuhu, mutumin Maraɗi mai kafa farantan sola. Sai uban gayyar, Mista Henk, Baturen Holan, wanda shi kaɗai ya san kan injin sanyin. Da Turanci ake sha'ani a wurin, kowa da irin karyayyen nasa.

Shi Henk dogo ne na gaske, sai ya sunkuya yake shiga ofis. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, sai dai abin da ya gani shi yake faɗa, kuma a gaban kowa. Isuhu zai tare shi da safe da ina kwana, ina gajiya, yaya baƙunta, shi kuwa ya dube shi ya ce, "Farantin da ka kafa jiya a karkace yake." Bai yarda da maganar kowa ba sai ya auna. Ranar da aka kafa babban sikelin auna kwandunan tumatir, shi ya fara hawa don gwaji, sannan ya sa Nasidi ya hau, ya buga ƙirji ya ce, "Ka ga wannan? Shi kaɗai ne ba ya ƙarya a nan wurin."

Ba a je ko'ina ba masu walda biyu suka tattara kayansu, suka ce ba su zo duniya don a ci musu mutunci ba. Shi ma Henk ɗin ya cika ya yi fam. Ya ce kowa sai ya ce masa babu damuwa, alhali damuwar ce zalla, kuma tun da ya zo ba wanda ya ɗauke shi mutum. Ya fara maganar komawa gida. Sai ga shugabar Nairobi ta bugo wa Nasidi waya, ba ta ko tsaya gaisuwa ba, ta ce in Henk ya tafi aikin ya tsaya, in aikin ya tsaya kuwa to shi ma Nasidi ya nemi wani wurin. Ga shi an riga an dasa tumatir, an kuma yi wa manoma alkawarin ɗaki kafin a fara tsinka.

Ana cikin wannan hali ne wata rana da azahar Nasidi ya buɗe kularsa a ofis. Dambun shinkafa ne da zogale, da soyayyar kaza a sama, aikin hannun matarsa Ladidi. Ƙamshi ya cika ɗaki. Henk na gefe yana fama da busasshen burodi da cukwi, abin da yake ci kullum kamar wanda likita ya ɗora wa doka. To, ɗan Hausa ba ya kai loma baki wani na zaune bai yi tayi ba. Nasidi ya ce, "Isuhu, bismilla." Isuhu ya ce, "Alhamdu lillahi, a ci lafiya." Ya ce, "Madam, bismilla." Ta haɗa hannuwa ta yi murmushi ta ce ta gode. Ya juya ya ce, "Mista Henk, bismilla, zo mu ci."

Henk ya ɗago ya ce, "Da gaske?"

Me mutum zai ce? Nasidi ya ce, "Haba, sosai ma."

Sai ga Bature ya jawo kujera, ya naɗe hannun riga, ya karɓi cokali. Nasidi kuwa ya yi abin da mai masauki ke yi: ya tura masa naman gabansa, ya yi loma biyu ya ajiye cokali ya ce ya ƙoshi. Henk bai yi gardama ba, ai shi a wurinsu in mutum ya ce ya ƙoshi to ya ƙoshi. Ya tashi da dambun nan tas, ya kankare gindin kula, sannan ya koma ya cinye burodinsa don kada a yi asara.

Abin mamaki, ranar da yamma aka ji Henk yana fito. Ya dafa kafaɗar Isuhu ya ce farantin yau bai karkace sosai ba, wanda a bakin Henk wannan kirari ne. Nasidi ya koma gida cikinsa na ƙugi amma ransa fes, yana ganin ya gano bakin zaren.

Washegari ya buɗe kula, ya yi tayi, Henk ya jawo kujera. Wanshekare ma haka. Kafin mako ya zagayo, kujerar ma ta daina komawa wurinta. Da rana ta take sai ka ga Bature ya wanke hannu ya zauna yana jiran a buɗe, har ya koyi cewa "Akwai daɗi" da Hausa. Maganar komawa gida ta bi iska. Injin sanyi ya fara haɗuwa, Nasidi kuma ya fara zubewa.

Kada ku ce bai nemi mafita ba. Ya gwada cin abinci a mota, Henk ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce ya ga ba ya ofis ne ya biyo shi don kada ya ci shi kaɗai cikin kaɗaici. Bakin Nasidi kuma, wannan maci amanar, tuni ya riga ya ce bismilla. Ya sa aka zabga attaruhu a miya har shi kansa yana hawaye, ashe a garin su Henk akwai gidajen abincin mutanen Indonesiya, da yaji ya tashi. Sai ma ya yi gumi ya share, ya ce yau miyar ta fi ta kullum. Daga nan Nasidi ya ce tun da yunwar dole ce gara ya samu lada, ya kama azumin Litinin da Alhamis. Amma duk ranar da ba kula, sai Henk ya wuni yana huci, yana auna aikin kowa yana kushewa, har Isuhu ya same shi a keɓe ya ce, "Injiniya, don Allah ka dinga azuminka ranar hutu. Mu ne ke shan wahalarsa."

A gida kuwa Ladidi ta rasa gane kan lamarin. Kula na dawowa kamar an wanke, miji kuma kullum sai ya ƙara tsuke tazuge. Ranar da ta ga wuyan rigarsa na lilo ta tare shi ta ce, "Baban Walida, tsaya. Wai abincin nan ina yake zuwa ne? Ko tsutsar ciki gare ka mu nemi magani?"

Ya zauna ya kwashe labari ya gaya mata, yana jiran ta tausaya. Sai ya ga fuskarta ta washe.

"Kana nufin Baturen ne ke cinye girkina? Har yana cewa akwai daɗi? Ikon Allah! Me ya fi so?"

"Ladidi, ni fa nake ramewa."

"To ai sai a ƙara yawa. Amma dai tambayo min shi, dambun ya fi so ko ɗanwaken?"

Ta sayo kula mai hawa uku. Henk ya duba ya ce mahaifiyarsa ta hore shi kada ya bar abinci a kwano, ya gyara zama ya ga bayan hawa ukun. Tun daga ranar, Ladidi ta koma girka abin da Bature ke so, mijinta kuwa ya zama ɗan aike. Wannan ya fi yunwar ƙona masa rai, amma ya haɗiye, domin injin saura kaɗan.

Madam Kabita ce ta ɓallo ruwa. Ita a ƙasarsu ma ana irin wannan tayin, don haka tun ranar farko ta gane komai, ta dai yi shiru ne. Da ta ga shugabanta ya tashi daga kujera jiri ya ɗebe shi, sai tausayi ya kama ta. Ana saura 'yan kwanaki a kunna ɗakin, an fara tsinkar tumatir har kwanduna sun fara taruwa a kasuwa, ta ja Henk bayan batura ta fahimtar da shi cewa tayin nan gaisuwa ce, ana yi ne don a ce an gode, ba don a jawo kujera ba.

Henk ya yi ja har kunnuwa. Ya ajiye sifana, ya tako ofis ana dab da buɗe kula, kowa na zaune. Nasidi na ganin fuskarsa ya sha jinin jikinsa.

"Nasidi, gaskiya ne abin da Kabita ta ce? Duk kiran da kake min ba da gaske kake ba?"

Nasidi ya harari Kabita, ita kuma ta kama gyaran gilashinta. Ya ce, "Mista Henk, zauna mana. Ai babu damuwa."

"Ka ji ko! Babu damuwa! Na zaci kai kaɗai ne ka ɗauke ni aboki a ƙasar nan. Na gaya wa matata, na gaya wa Nairobi cewa ban taɓa samun shugaba kamarka ba. Ashe kowa na kallona ina cinye abincin mutum, ana yi min dariya a ɓoye. Me ya hana ka gaya min?"

"A wurinmu ba a cewa baƙo ya tashi daga kan abinci."

"A wurinmu kuma ba a cewa mutum ya zo alhali ana so ya tafi. Ba zan iya aiki da wanda ban san lokacin da yake nufin maganarsa ba. Ku nemi wani ya ƙarasa injin."

Ta taga Nasidi na hango kwandunan manoma jere a rana, yana kuma jin muryar shugabar Nairobi a kunnensa. Tsoro ya kama shi ƙwarai, ga kuma tausayi, domin ya ga idon Baturen ya kawo ruwa. Mutumin nan ba don dambu kaɗai yake jawo kujera ba.

Nasidi ya ce, "To me kake so in yi?"

Henk ya harɗe hannuwa ya ce, "Ka faɗa min gaskiya sau ɗaya, irin tamu, ba kwana-kwana, a gaban kowa. In ka iya, zan zauna."

Wannan fa ya fi wa Nasidi azumin wuya. Mutumin da tun yana yaro aka koya masa ya zagaya da magana ta bayan gari kafin ya shigo da ita, yau an ce ya ajiye ta tsirara a tsakar ofis. Ya dubi Isuhu, Isuhu ya dubi silin. Ya share gumi, ya yi ta maza, ya miƙe yana riƙe da wando don kada ya ba shi kunya.

"Shi ke nan, ga ta. Abota dai da gaske ce, wallahi. Amma in ka tafi aikin nan ne zai mutu, in ka zauna a yadda muke kuma ni ne zan mutu. Saboda haka ka zauna. Ranar Juma'a ka zo gida, Ladidi ta cika ka da dambu. Sauran ranaku kuwa, ni ba zan iya daina tayi ba, haka aka haife ni. In na ce bismilla, kai kuma ka ce ka ƙoshi."

Henk ya juya maganar a ransa. Fuskarsa ta fara saki, har ya kai hannu ga kujerar tasa. Sai kuma ya tsaya, ya ɗaga yatsa.

"Na yarda da duka, ban da abu ɗaya. Idan ban ƙoshi ba fa? Ka san ni ba na ƙarya."

Nasidi ya dube shi tun daga kumatu har zuwa maɓallin rigar da ke neman tsinkewa a kan cibiya, ya jawo kularsa gabansa, ya nuna ƙofa da cokali.

"Ga sikelinka can da ba ya ƙarya. Je ka hau. In ya ce ba ka ƙoshi ba, dawo in ba ka har kular."